Saƙo zuwa Maradi: ranar da sanyin gidan Amurka ya ɗauke

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi, kuma zafin bana bai matsa mata ba. A gaida Hajiya da yara da duk mutanen zaure.

Saƙonka na murya ya iso, wanda kake cewa ginin unguwar Zariya ya kai linta, kuma kafin a yi rufi kana so in yi maka bayanin kilim irin na nan, wanda ke sanyaya gida gaba ɗaya ba a ganin inji a bango. Na tsawaita amsar don na san ba kai kaɗai ke wannan tunani ba. Duk Alhajin da ya zo mana ziyara, da wannan sha'awa yake komawa gida. Amsata ita ce kada ka sa. Amma na san halinka, ba ka karɓar "kada" sai da dalili, don haka zan bi da kai ta inda ni na san injin nan, wato ta ranar da ya daina sanyi. Ranar ake sanin abin da ke cikinsa, da abin da yake ci, da irin mutumin da zai zo gyara.

Injin kashi biyu ne. Ɗaya yana waje a gefen gida, bisa ɗan dandamalin siminti, akwati mai raga kewaye da fanka a samansa, kwamfiresa na ciki, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi yana zagayawa da shi cikin bututu. Ɗayan a ɓoye yake, ko a saman silin, ko a ramin da ke ƙarƙashin gida, ko cikin wani lungu mai ƙofa. Bututun tagulla biyu ke haɗa su, siriri da mai kauri. Kashin da ke ɓoye a cikin gida shi ke zuƙo iskar gida, ya bi da ita ta jikin ƙarfe mai sanyi, ya hura ta cikin manyan bututun iska zuwa kowane ɗaki. A bango kuma akwai ɗan akwati, tamostat, mai ba injin umarni da ƴar ƙaramar wuta, bolt 24. Mu a gida da doki muke auna ƙarfin kilim, su a nan da tan suke aunawa. Tan ɗaya BTU 12,000 ne (BTU awon ƙarfin sanyi ne), daidai da namu mai doki ɗaya da rabi, kuma gida mai ɗakunan kwana uku yakan ɗauki wajen tan 3.

Zafin Greensboro, birnin da muke zaune a nan Amurka, ba zafin Maradi ba ne. A Yuli da Agusta ma'auni ba ya yawan haura digiri 35, abin da mu a watan Afrilu za mu ce Allah ya kawo sauƙi. Sai dai iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki. Gidajen kuma na katako ne, a rufe ruf, babu tsakar gida, babu mai fitar da tabarma ya kwana a waje. In sanyi ya ɗauke da azahar, kafin magariba benen sama ba ya zaunuwa. Ƙididdigar hukumar makamashi ta ƙasar ta 2020 ta nuna gidaje 88 cikin 100 suna da na'urar sanyi, kuma kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar irin wannan ta gida gaba ɗaya suke aiki da ita. Ginin ma tun daga tushe da ita aka tsara shi.

Wanda ke haya hankalinsa kwance, ya shaida wa mai gida, mai gida ya turo mai gyara. Wanda ya sayi gida kuwa, abu na ƙarshe da zai yi shi ne kiran mai gyara, don ƙwanƙwasa ƙofarka kawai da duba injin wajen dalar Amurka 100 ne, wani wuri ƙasa kaɗan, wani wuri sama. Ya haura jika 50 na sefa ke nan, ba a taɓa ko ƙusa ba. Da dare ko ranar Lahadi kuɗin ya fi haka. Wannan ya sa kowane magidanci a nan, har ɗan bokon da bai taɓa riƙe sukudireba a gida ba, ya iya bin injin daki-daki kafin ya ɗaga waya.

Daga bango ake farawa. Wani lokaci batirin tamostat ne ya mutu, wani lokaci yaro ne ya latsa ya maida shi kan fanka zalla, iska na fitowa amma ba sanyi. In wuta ta ɗan ƙifta ta dawo, injin yakan yi shiru wajen minti 5 kafin ya tashi. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi shi haka, don kada kwamfiresa ta tashi alhali matsin gas bai sauka ba. Wannan ka riƙe shi, ya fi shafarku da mu.

Sai filta, kuma a nan zan ɗan tsaya, don ita ce uwar matsalolin. Wani faifai ne na kwali da zare, kaurinsa inci ɗaya, ana zura shi a bakin inda injin ke zuƙar iska. Ba a wanke shi, jefarwa ake yi a sa sabo duk wata ɗaya zuwa uku. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma kowane babban kanti, Home Depot ko Lowe's ko Walmart, an jera su bisa awo, ka karanta lambar da ke gefen tsohon ka ɗauki irinsa. In aka manta da shi ya toshe, iska ba ta isa ƙarfen sanyin nan, sai ƙarfen ya yi sanyi fiye da ƙima, raɓar da ke jikinsa ta daskare. Sai ka ga abin da hankali bai ɗauka da farko: gida ya yi zafi kamar ba inji, amma bututu mai kauri ya yi fari fat da ƙanƙara har waje. Mai gaggawa sai ya ƙara sauke lambar tamostat, ƙanƙara ta ƙaru, gas ɗin da bai gama zama tururi ba ya koma cikin kwamfiresa a ruwa, ya illata ta. Maganin haƙuri ne. A kashe sanyi, a bar fankar ciki tana juyawa, a sa sabuwar filta, a jira awoyi har ƙanƙarar ta narke da kanta. Ba a sa wuƙa a ɓamɓare ta, bututun da ke ciki ba su da kauri.

Akwai kuma ruwa. Wani babban ɓangare na aikin kilim a nan tatse ruwa ne daga cikin iska, a rana mai gumi yakan tara abin da zai cika jarka mai lita 20. Ruwan na fita ta wani farin bututun roba, kuma gansakuka kan toshe shi. Da yake injin sau da yawa a saman silin yake, in ruwa ya malalo silin ɗin ne zai rufto. Sai suka sa wata ƴar na'ura mai yawo bisa ruwa a cikin faranti, in ruwa ya taru ta ɗago ta yanke wayar umarni, inji ya mutu ɗungurungum. Mutum ya ɗauka kwamfiresa ce ta ƙone, ashe bututun ruwa ne. Ana zuƙe shi daga waje da injin shara mai shan ruwa, a riƙa zuba ɗan ruwan tsami na binega lokaci-lokaci. Ku a watan Afrilu kilim ɗinku kusan ba ya ɗiga, sai damina ta sauka. A Agusta ne za ka ga yana zubar da ruwa a bango, kuma dalilin ɗaya ne da namu.

In duk wannan lafiya lau, sai a leƙa allon dijontar, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu in an samu matsala, a ga ko ta injin waje ta faɗi. Sau ɗaya ake maida ta. In ta sake faɗuwa akwai abin da ta gani, kuma matsa mata neman gobara ne. Daga nan a fita waje a saurara. Fanka na juyawa? Kwamfiresa na ƙugi? In ka riƙe bututu mai kauri, yana da sanyi yana gumi? In haka ne injin waje na aikinsa, matsalar tana ciki.

Namu da ya tsaya a tsakiyar Yuli, injin waje gurnani kawai yake yi, fanka tsaye cik. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan Meziko da ya daɗe yana aikin gini, ya zura siririn kara ta cikin raga ya ɗan tura fiffiken, sai fanka ta kama juyawa. Ya ce kwandansa ce. Wani gwangwani ne na azurfa a cikin injin, shi ke ba fanka da kwamfiresa ƙarfin tashi da ci gaba da juyawa, kuma zafi ke kashe shi, shi ya sa ya fi mutuwa a ranar da aka fi buƙatarsa. Da muka buɗe, samansa ya kumbura. A jikinsa an rubuta 45/5, wato ƙarfinsa a maikurofarad, 45 na kwamfiresa, 5 na fanka, da ƙafafu uku masu alama C da HERM da FAN. Dole a sayi mai lamba iri ɗaya. Lambar bolt kuwa, ana iya sa mai 440 a gurbin mai 370, amma ba a yin akasin haka. Ka ja kunnen duk yaron da zai taɓa wannan abu a gidanka: injin waje a nan bolt 240 ke shigarsa, akwai akwatin yanke wuta a bango kusa da shi wanda ake zarewa tukuna, kuma ko an yanke wutar, kwandansa tana iya riƙe da caji a cikinta. Sai an sauke cajin, an gwada da mita, an ɗauki hoton wayoyi da salula, sannan a cire.

Kuɗin gwangwanin bai kai dalar Amurka 40 ba, aikin kuma bai kai na shan shayi zagaye uku ba. Wani ɗan uwa ɗan Damagaram da ke layinmu, da tasa ta mutu ya kira wani kamfani, sai da ya biya ninkin wannan kuɗi sau shida ko fiye. Ba cutarsa aka yi ba, haka farashin yake. Kana biyan motar da ta zo, da inshora, da lasisi, da yarinyar da ta ɗaga waya a ofis.

Kusa da kwandansa akwai wani makunni da ke karɓar umarnin tamostat ya saki babbar wuta. A jihohin kudu tururuwa kan shige tsakanin haƙoransa su mutu a ciki, wuta ta kasa wucewa. Ragar da ke kewaye da injin kuma tana toshewa da yankakkiyar ciyawa da audugar itatuwa, zafi ya rasa mafita. Ana yanke wuta a wanke ta da tiyo a hankali, ba da injin wankin mota ba, don siraran ƙarafan lanƙwashewa suke yi. Bayan an gama komai, akwai gwaji mai sauƙi da na so a ce mutanenmu sun saba da shi. A bar injin ya yi aiki kwata ɗaya, a auna zafin iskar da yake zuƙa da wadda yake hurowa. Tazarar digiri 8 zuwa 11 ita ce lafiya. Ba a tafin hannu ake gane sanyi ba, a ma'auni ake gani.

To, sai maganar gas, wadda ita ce ta fi damuna in na tuna gida. A Maradi, da kilim ya rage sanyi, kalma ɗaya ce a bakin kowa, gas ya ƙare. A kira mai gyaran firigo ya zo da tukunya a bayan babur, ya ƙara, a biya, bayan wata biyu a sake kiransa. Yaya, gas ba ya ƙarewa. A rufe yake zagayawa cikin bututu, inji ba ya cinsa. Kamar tayar babur ne, in ta sace ba iska ce ta tsufa ba, ƙusa ce ta shiga, kuma mai faci na kirki ba ya buga iska bai nemi hujin ba. In gas ya ragu, akwai inda yake fita, galibi a mahaɗar bututu inda aka ɗaure goro, kuma wurin yakan nuna alamar mai. Sau da yawa ma gas ɗin bai ragu ba, filta ce ta toshe ko raga ce ta cika da ƙura, sai a ɗura masa ƙari a kan cikakke, matsi ya hau, kwamfiresa ta riƙa shan wuta har ta ƙone.

A nan doka ta shiga tsakani. Hukumar kare muhalli ta EPA, ƙarƙashin sashe na 608 na dokar tsabtar iska, ta hana a sayar da gas ɗin kilim ɗin gida ga wanda bai ci jarrabawa ya karɓi shaida ba, ta kuma hana a sake shi cikin iska da gangan. Mai gyara yana zuwa da injin da zai zuƙe tsohon gas cikin tukunya. Ya cika bututu da iskar naitirojin ya nemi huji da kumfar sabulu ko da na'ura mai ƙara, ya like, ya sa famfon zuƙe iska ya tsotse iska da raɓa tas, sannan ya auna sabon gas a sikeli daidai da nauyin da aka rubuta a jikin injin. Wannan zuƙewar ita ce masu haɗa kilim da yawa a gida suke tsallakewa, su ɗan saki gas ya yi "fiss" su ɗaure. Raɓar da ta rage a ciki tana haɗuwa da man kwamfiresa ta zama guba gare ta. Wani abu kuma, tukunyar iskar oksijin ta mai walda ba ta gwajin huji ba ce, ko da wasa. In ta haɗu da mai a cikin matsi, fashewa take yi.

Gas ɗin ma iri-iri ne. R-22 da kuka saba da shi, tun 2010 aka daina ƙera sababbin injinansa a nan, kuma ranar 1 ga Janairun 2020 aka hana yinsa da shigo da shi gaba ɗaya, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987. Wanda ke da tsohon inji sai dai ya sayi wanda aka tace daga wasu injina, da tsada mai sa mutum ya haƙura ya sayi sabon inji. Ƙasashe irin namu an ba su wa'adi zuwa 2030, shi ya sa har yanzu kuke samunsa a kasuwa. R-410A ya gaje shi, shi ma daga 2025 sababbin injina sun fara komawa R-454B da R-32. Kowane da matsinsa da irin mansa, ba a gauraya su. Ka duba takardar da ke manne a jikin inji, abin da aka rubuta shi ake zubawa.

Kada ka ɗauka ina yabon mai gyaran nan ne ina kushe na gida. Na nan yana da awo, yana da takarda, yana rubuta maka abin da ya gani da abin da ya canza, kuma in aikin ya tashi cikin wa'adi zai dawo. Amma a watan zafi sai ka shiga layi, a ba ka rana, a ce ka zauna gida daga safe zuwa azahar kana jira. Kuma ba ya gyara, canzawa yake yi. Injin fanka ya ƙone, sabo. Allon lantarki ya samu matsala a ƙafa ɗaya, sabon allo. In inji ya haura shekara 10 kuma kwamfiresa ce ko babban huji, kafin ya rufe akwatin kayansa ya fara nuna maka hotunan sabo da yadda za ka biya wata-wata. Sabon kuwa da haɗawa, daga dalar Amurka 5,000 ne zuwa sama, sau da yawa sama sosai. Garantin shekara 10 da ake tallatawa na kayan gyara ne, sai ka yi rajista da wuri, kuma ladan mai ɗaurawa daga aljihunka zai fito. Sau nawa na tuna masu naɗin waya na bakin babbar kasuwa, waɗanda za su warware tagullar da ta ƙone su naɗa sabuwa, fanka ta ƙara shekaru tana aiki. Wannan hannun babu shi a nan, ko akwai ma ba zai biya kuɗin hayar shago ba. Abin da namu suka rasa kayan awo ne, da mai gida da zai yarda ya biya kuɗin neman huji maimakon kuɗin ƙarin gas. Wajen kaya kuma, nan lambar da ke jikin kwandansa ita ce ke cikinta. A gida ka san yadda ake yi, ka sa matacciyar a aljihu ka zagaya rumfuna, ka samu mai kama da ita, sai an gwada a san gaskiyarta.

Yanzu ka ɗauki wannan inji ka kai shi unguwar Zariya. Na farko, wutar nan tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Injin da aka ƙera don 60 in ya samu 50 yana rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, yana kuma yin zafi. Don haka batun in sa maka shi a kwantena bai taso ba, shi da duk wani abu mai inji a ciki. Za ka ce a Dubai ana samun mai 50. Ana samu. Amma inji mai tan 3 yana jan wajen kilowat 3 ko fiye yana aiki, lokacin tashi kuma yana fizgar ninkin haka sau da yawa. Ka san wutarmu, da layin Katsina zuwa Gazawa take zuwa, ita da ta Damagaram, kuma ba ka manta da Agustan 2023 ba da aka yanke ta daga Nijeriya, aka yi watanni ana karɓa-karɓa. Ko tana nan, a watan zafi da dare ƙarfinta sauka yake yi, kuma raunin wuta ya fi ɗaukewarta kashe kwamfiresa. Janareto ko faifan rana da zai tada wannan inji ba ƙaramin kuɗi ba ne, alhali ƙaramin kilim na ɗaki ɗaya ana iya riƙe shi.

Na biyu, tsarin gidanka. Ɗakin Inna daban, sashen Hajiya daban, falon baƙi yana kallon zaure, ƙofofi suna buɗewa tsakar gida, yara na shiga da fita yini guda. Wannan inji yana son gida dunƙule wanda iskarsa ke zagayawa ta koma inda ta fito. Bututun iskar kuma ta tsakanin silin da kwano za su bi, wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan. Ko a nan, shirin Energy Star na gwamnati ya ce a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da ke bin bututun nan tana zurarewa ta huji da mahaɗa. Ƙara ɓera, ƙara ƙurar hunturu da za ta toshe filta cikin ƴan kwanaki, filtar da ba a wankewa kuma ba a sayar da awonta a rumfunan Maradi. Ranar da gwangwani ɗaya ya kumbura, gida gaba ɗaya ne zai kwana a waje.

Abin da zan ba ka shawara, ka sa na bango ɗaki-ɗaki, a ɗakunan da ake kwana kawai. In ɗaya ya tsaya, a koma ɗayan. Ka nemi mai inbata, wanda ke tashi a hankali ba ya fizgar wuta. Ka duba takardarsa ka ga alamar T3, wato wanda aka yi don ƙasashe masu tsananin zafi, yana jure har wajen digiri 52. Mai T1 iyakarsa wajen 43, ka ga a watan Mayu a bakin iyaka yake aiki. Ƴan Kwatano ka bar su, araha ba ta ado, galibi masu R-22 ne da suka gama shan wahala a wata ƙasa. Kowane a ja masa wayarsa mai kauri daga allo, da dijontar tasa da sitabilaiza. Injin waje a ɗora shi gefen da rana ba ta duka da yamma, sama da inda awaki da shara ke kaiwa, a bar masa fili kamar kamu ɗaya da ƴan kai ta kowane gefe, kada a yi masa keji matsattse don tsoron ɓarawo har ya kasa numfashi. Filtar na bango raga ce ta roba, ana zare ta a wanke a maida, a lokacin ƙura duk mako.

Kuɗin da ka so zubawa a bututu, zuba shi a rufi tun yanzu da ba a rufe ba. Ka ɗaga kwano ya yi nisa da silin, a bar kafofin da zafi zai fita, a shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin. Wannan shi ne abin da gidajen nan suka fi mu da gaske, kuma ba ya shan wuta. A falo da rumfa kuma, na'urar nan mai ruwa da fanka da aka saba da ita a Yamai ta wadatar daga Maris zuwa saukar damina, don a busasshiyar iska take aiki, wutarta kuma kaɗan ce. A Arizona, inda zafinsu irin namu ne, har gobe akwai gidajen da ita ce a kan rufinsu. A Greensboro ba ta da amfani, kamar yadda ku ma a Agusta sai dai ku kashe mata ruwa.

Akwai mai tahowa bayan Sallah, zan ba shi mita mai auna kwandansa da yawan wutar da inji ke ja, da ƙaramin ma'aunin zafi. Da batir suke aiki, bambancin wuta bai shafe su ba. Famfon zuƙe iska kuwa na nan mai bolt 120 ne, sai dai a saya a Kano, kuma ka sa shi cikin sharaɗi kafin ku yi ciniki da wanda zai haɗa maka. Ranar da aka kunna kowane kilim, ka sa yaron ya auna wutar da yake ja da tazarar zafin iskarsa, ya rubuta a littafi da sunan ɗakin da kwanan wata. Duk ranar da aka ce maka gas ya ƙare, a ɗauko littafin a sake aunawa kafin a kwance tukunya daga babur.